Tambaya da Amsa: Ina zan sauka a bakin tafkin Kibu?

Tambaya: Malam, ina da taro a Kigali, babban birnin Ruwanda, kuma ina son in kai maiɗakina ta ga tafkin Kibu na kwana biyu. Wane gari ya dace mu sauka? Daga wani ɗan kasuwa, unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Alhaji, Allah ya kai ku lafiya. Garuruwa biyu zan kawo maka.

Gisenyi, wadda ake kira Rubabu yanzu, tana arewacin tafkin, tafiyar kamar awa 3 zuwa 4 a mota daga Kigali. Akwai rairayi, otel-otel, kasuwa da masallaci, abincin halal ba zai yi maka wuya ba. Sai dai jikin birnin Goma na Kwango take, inda 'yan tawayen M23 suka shiga a Janairun 2025, ga kuma dutsen Nyiragongo da ya yi aman wuta a 2002 da 2021. Ka bi labarai kafin ka biya kuɗi.

Ni dai, da ni ne zan tafi da Hajiya, Kibuye zan nufa, wato Karongi. Shiru gare ta, duwatsu sun gangaro har cikin ruwa, ana shiga kwalekwale zuwa tsibirai. Amma ka tambayi mai otel matakala nawa ne daga ɗaki zuwa bakin ruwa, don gwiwar da ta saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Maraɗi za ta ji a jikinta.

Tafkin yana bisa tudun mita 1,460 sama da teku. Dare da sanyi, ku riƙe rigunan hunturu.