Kafin ka taɓa komai, karanta lambar da ta fito

Sani, ka ce ka ɗora MySQL, manhajar rumbun bayanai, a sabar Ubuntu (babbar kwamfutar da sauran ke haɗuwa da ita) ta shagon maganin nan, a cikinta komai lafiya lau, amma kwamfutar mai karɓar kuɗi ta ƙi haɗuwa da ita, har ka canza kalmar sirri sau uku. Kana tambaya ko ka goge ka sake ɗorawa. Kul! Kalmar sirrin ma ƙyale ta ta huta, wataƙila ba a kai ga tambayarta ba.

Wace lambar kuskure ta fito maka da haɗin ya ƙi? Ba ka faɗa ba, alhali nan gizo ke saƙa. In 2003 ce, ko zauren gidan ba ka kai ba. In 1130 ce, ka yi sallama an amsa, sai dai ba a yarda da inda ka fito ba. Sai an ga 1045 ake waiwayar suna da kalmar sirri.

Ni 2003 nake zargi. Shiga sabar ka buga ss -tlnp, ka nemi layin 3306, lambar ƙofar da MySQL ke saurare. In ka ga 127.0.0.1:3306, to MySQL na cikin gida kaɗai yake saurare, haka Ubuntu ke kawo shi. Buɗe /etc/mysql/mysql.conf.d/mysqld.cnf, ka mai da bind-address adireshin sabar na cikin shagon, ka ajiye, sannan ka sake tada MySQL ɗin. Wannan na ƙarshen ne ya taɓa cinye mini yini guda ina yaron shago kamarka. Na gyara fayil tsaf, na manta tadawa, na bi waya ina zarginta har la'asar.

Daga nan koma kwamfutar mai karɓar kuɗin, ka gwada nc -zv da adireshin sabar da 3306, wato ka ƙwanƙwasa ƙofar daga waje. Lura da yadda amsar ke zuwa. In nan take ta ce "refused", ka isa na'urar, mai buɗe ƙofa ne babu. In ta yi shiru, ta daɗe, sannan ta ce "timed out", akwai katangar da ke haɗiye saƙon a hanya. Ufw ce katangar Ubuntu: koma sabar ka duba ufw status, ka buɗe 3306 ga adireshin kwamfutar nan kaɗai.

In lambar ta koma 1130, ka yi murna, ka matso. A wurin MySQL, 'sani'@'localhost' daban, 'sani'@'192.168.1.20' daban, ko da suna ɗaya ne: na farko daga cikin sabar yake shiga, na biyu daga wata kwamfuta mai wannan adireshi. Ƙirƙiri na biyun da adireshin kwamfutar mai karɓar kuɗin, ka ba shi izini kan rumbun shagon kawai. Na san za ka ga masu cewa a sa %, wato a yarda da kowane adireshi, a huta. Bayanan kuɗin mutane ne a ciki, ban yarda ba.

Ranar da masu shagon suka ce a haɗa reshensu na wata unguwa, kada ka buɗe 3306 ga intanet. Ta SSH za mu bi, hanyar shiga saba daga nesa cikin tsaro, ni zan nuna maka. Yanzu dai ɗauki hoton allon ka turo mini in ga lambar.