Na tsinci tsohon littafin Bature mai hoton Kano a adakar Baba, da gaske kuɗi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan ana lafiya. Bayan rasuwar mahaifinmu muna kwashe kayan ɗakinsa sai muka tarar da wata adaka, a ciki akwai littattafai guda uku na turanci masu kauri, an rubuta Barth a bayansu, da zane-zanen garuruwa har da Kano da taswira mai naɗewa. Wani abokina ya ce irin wannan a Turai miliyoyi ake saye. Bangon ɗaya ya fara cirewa ina so in kai a ɗinke min. Sauran kayan adakar tarkacen tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo ne da suka yi ja, su dai na ce a ba mai ƙosai. Dan Allah ya zan gane ko na asali ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah Ya jiƙan Baba Ya sa ya huta. Kafin komai dan Allah ka aika yaro yanzu-yanzu ya karɓo jaridun nan in har sun riga sun isa wurin mai ƙosai, zan dawo kansu a ƙasa. Kuma kar ka kai littafin ɗinki tukuna.

Shi wannan Barth ɗin Bajamushe ne, Heinrich Barth, wanda a ƙasashenmu ya yi yawo da sunan Abdulkarim. Gwamnatin Ingila ce ta turo su, sun taso daga Tarabulus a 1850 su uku, shi da Richardson da Overweg, biyun duk suka mutu a hanya a ƙasar Barno, shi kaɗai ya koma a 1855 bayan ya ga Agadas da Katsina da Kano da Kukawa da Sakkwato da Gwandu har Tambutu. Kano ya shige ta a watan Fabrairu 1851. Littafin tafiyar tasa shi ne Travels and Discoveries in North and Central Africa, kuma abin da abokinka bai gaya maka ba shi ne an buga littafin nan sau da yawa a wurare daban-daban, ba kowane bugu ne masu tara littattafai ke rububi a kai ba.

Wanda ake kashe kuɗi a kansa bugun Landan ne na kamfanin Longman, mujalladi biyar, uku na farko sun fito a 1857 sauran biyun a 1858. A daidai lokacin aka fitar da na Jamusanci a garin Gotha a maɗaba'ar Justus Perthes, shi ma biyar. Cikakken saiti na Landan yana da hotuna 60 masu ɗan launi da taswira 15, hotunan wani mai zane Bernatz ne ya gyara su daga zanen da Barth ya yi da hannunsa a hanya, taswirorin kuma aikin wani masanin taswira Petermann ne. A ciki akwai hoton Kano da aka hango daga kan dutsen Dala, wanda na san ka sha gani ana yawo da shi a Facebook ba a ma faɗin inda aka samo shi.

Toh kai ka ce uku ne a hannunka, kaga nan lissafi ya rabu gida uku. Ko dai bugun Longman ne biyu suka ɓace, ko bugun Amurka ne na kamfanin Harper da ke New York wanda ya fito a mujalladi uku daga 1857 zuwa 1859, shi ma tsoho ne amma hotunansa baƙi da fari ne kuma bai kama ƙafar na Landan a kasuwa ba, ko kuma bugun Frank Cass ne na 1965 da aka sake yi don cikar Barth shekara 100 da mutuwa, shi ma uku ne. Ni in za ka tambaye ni tun ban gani ba, na ƙarshen nan na fi zato, don shi ne ya fi yawa a hannun tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan gwamnatin Arewa na wancan zamani, balle a Zariya da jami'a take. Littafi ne mai kyau na karatu, amma ba zai saya maka fili ba, gara in faɗa maka tun yanzu kar ka fara cin bashi a kansa.

Ganewa ba wuya. Buɗe shafin da aka rubuta cikakken sunan littafin, a can ƙasa za ka ga gari da sunan kamfani da shekara. Sai dai a nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa, saboda wani sabon bugun hoton tsohon shafin ake ɗauka a maimaita har da tsohuwar shekarar, don haka ka juya bayan shafin, in ka ga wata shekara ta baya-bayan nan ko lambar shaidar littafi da ake kira ISBN to magana ta ƙare, ita wannan lamba sai wajen 1970 ta shigo. Duba kuma ko an rubuta mujalladi nawa ne gaba ɗaya, galibi ana faɗa a wannan shafin. Bayan haka ka ɗauki wayarka ka ja zum sosai a kan hoton Kanon. Hoton asali na bugun Longman a kan dutse aka zana shi aka buga, za ka ga jikinsa da tsaki-tsaki kamar an goga alli ko gawayi a bango, ba tsari. Na zamani kuwa ƙananan ɗigo ne a jere reras kamar idon rariya. Sannan a na asali hotunan masu launi suna kan takarda tasu daban mai ɗan kauri, bayanta fari fat ba rubutu.

In Allah Ya sa na Longman ne, sai ƙidaya. A farkon kowane mujalladi akwai jerin hotuna da taswirorin da ke ciki, ka zauna da fensir da wata takarda daban, ba a jikin littafin ba, ka bi ɗaya bayan ɗaya. Masu saye abin da suke fara yi ke nan, saboda dillalai sun daɗe suna yanke hotunan suna sa su a firam suna sayarwa ɗaiɗai, hoton Kano da na Tambutu su ne ake fara sacewa. Cikakken saiti mai lafiya yakan kai dubban daloli a gwanjon Turai, amma uku cikin biyar, ko biyar da aka zare wa taswira, farashin faɗuwa yake warwas ba wai a cire kashi kaɗan ba. Kuma in kana bincike a intanet ka bambance kuɗin da mai kaya ya yi wa kayansa da kuɗin da aka saya da gaske. A shafin sayar da littattafai irin AbeBooks kowa na iya rubuta abin da ya ga dama littafin ya shekara biyar ba wanda ya taya, sakamakon gwanjo irin na Christie's ko Sotheby's ko Bonhams shi ne ke nuna abin da wani ya zaro daga aljihu.

Duba hatimi ma. In akwai tambarin laburaren wata makaranta ko ma'aikata kuma babu alamar sun fitar da shi daga lissafinsu, mai saye na kirki zai ja baya. Sunan Baba da ya rubuta a ciki kuwa ka bar shi, kar ka goge kar ka shafa masa farin fenti.

Yanzu batun ɗinki, wanda shi ya fi tayar min da hankali. Na taɓa ganin wani tsohon littafi da aka kai wa masu haɗa furojet ɗin ɗalibai, suka cire bangon asali suka yar, suka datse gefuna da injin har da bakin taswira, suka zuba gam suka manna baƙar leda mai rubutun gwal, mai shi yana ta murna wai ya zama sabo. Wallahi kamar in yi kuka. A wannan harka bango na asali ko ya tsufa ya fi sabon bango daraja. Kar ka sa salatif, bayan wasu shekaru gam ɗinsa yakan narke ya bar jan tabo da ba ya fita. Kar ka yi laminatin ɗin komai, wannan kashe takarda ne gaba ɗaya. Kar ka danna shi a kan injin fotokwafi don ƙashin bayansa zai karye, ɗauki hoto da waya kawai. Bangon da ke cirewa ka mayar da shi mazauninsa ka ɗaure littafin da tsiri na farin ƙyalle mai laushi, ba kyauro ba. Jajayen ɗige-ɗigen da za ka gani a wasu shafuka kamar tsatsa ba wani abu ba ne, tsufan takarda ne, kusan duk kwafin da ke duniya yana da su, kar ka ce za ka wanke.

Abokan gabarsa a ƙasarmu gara ce da kyankyaso da danshin damina, sai kuma hunturu da ke busar da takarda ta riƙa karyewa kamar ganye. Adakar ƙarfen nan ita ta cece su, ka ci gaba da amfani da ita amma ɗora ta a kan benci nesa da bango, kar a ɗakin da kwano ke yoyo ko rana ke dukansa. Kar ka ƙulle su a leda, zufa suke yi su yi fumfuna. Ka riƙa buɗewa lokaci-lokaci musamman a watan Agusta.

Sai jaridun da ka kira tarkace. Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan garinku aka fara buga ta a watan Janairu 1939, Abubakar Imam ne editanta, kwabo ɗaya ake sayarwa. Littafin Barth akwai shi a manyan laburare na duniya birjik, an ma ɗora shi a intanet kyauta kowa ya karanta, amma jarida fa a takarda mafi araha ake bugawa, a karanta yau gobe a ƙunshe goro ko tsire da ita, wadda ta tsira kuma ta yi ja ta ruɓe da kanta. Shi ya sa fitowa ɗaya ta shekarun 1940 ko 1950 za ta iya fin littattafan nan uku wuyar samu, ko da ba za ta fi su kuɗi a Landan ba. A cikinsu ake samun labarin yaƙin Hitila yadda aka ba Bahaushe shi a lokacin, da wasiƙun masu karatu, da rigimar NEPU da NPC, da tallan kaya da farashinsu. Ka shimfiɗa su a kwance kar ka sake naɗe su, ka jera su bisa kwanan wata ka rubuta lambar kowace fitowa. In ka gama ka leƙa ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a jami'ar Ahmadu Bello tunda kusa kake, ko Arewa House a Kaduna, ka nuna musu jerin, su za su gaya maka ko akwai wadda ba su da ita. Ka sake zazzage adakar a hankali ma, in akwai ƙananan littattafan Hausa na zamanin NORLA, tsohuwar hukumar buga littattafai ta Arewa, ko wasiƙu na ajami, duk a ware su gefe.

Abu ɗaya da mutane ke mantawa in an ji ƙamshin kuɗi: kayan nan gado ne, ba naka kai kaɗai ba. Ka sanar da sauran magada har da mata kafin ka nuna wa kowane dillali, kuma kar ka bar wani ya tafi da su da sunan zai kai a duba masa, wanda zai duba ya zo gida ya duba a gabanku.

Turo min hoton shafin sunan littafin gaba da baya na kowane ɗaya cikin ukun, da hoton Kanon da ka ja zum, da shafin farko na jaridar da ta fi tsufa a cikinsu yadda kwanan watan zai fito sosai.