Baba na ƙarasa karin magana, amma ya kasa kiran sunana

Tambaya: Malam, mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama. Yanzu ko sunana ba ya iya kira, amma in na ce "sannu ba ta hana zuwa", sai ya ƙarasa, "sai dai a daɗe ba a je ba". Wasu na cewa ya zama bebe. Haka ne?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Kada ki yarda a kira shi bebe. Bebe shi ne wanda ba ya magana, galibi tun yarinta, sau da yawa tare da kurumta. Mai in'ina kuwa ya san kalmar sarai, wurin fita take sarƙe masa. In aka ce harshe ya karye, lafazin ne ya yi nauyi. Na Baba daban ne. Abin da ya fi kusa da shi a bakinmu shi ne "sunan ya kwanta mini": kin san mutumin, kina ganinsa a ranki, sunan ya ƙi zuwa. Ki ɗauka haka yake wuni da kusan kowace kalma, alhali hankalinsa na nan.

Likitoci na kiran wannan afeziya, kuma tana samun kusan mutum 1 cikin 3 na waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki. A mafi yawan mutane, sarrafa harshe aikin ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne, shi ne kuma ke juya daman jiki, shi ya sa larurorin biyu suka zo wa Baba tare. A 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya bayyana majinyacin da kusan ba ya iya furta komai sai "tan", kodayake yana gane abin da ake faɗa masa.

To, me ya sa karin magana ta tsira? Domin ba a harhaɗa ta kalma-kalma. A dunƙule take ajiye, kamar gaisuwa da ƙidaya da waƙar da aka haddace, gaɓar farko na janyo ta biyu. Wannan ya faranta mini rai, don masu koyar da magana a asibiti da irin wannan suke farawa, har da rera jimla. Ki riƙa ɗauko masa rabin jimla, "miƙo mini kofin…", ki yi shiru, ki ba shi lokaci. Sauƙi ya fi sauri a watannin farko, amma yakan ci gaba har shekaru in ana atisaye.

Tambaya: Shin "labarin zuciya a tambayi fuska" na aiki ga irin waɗannan majinyata?

Amsa: Da taka-tsantsan, ɗan'uwa. Gefen fuska kan saki, sai a zaci fushi ne ko halin ko-in-kula. Wani ma yakan ce "e" yana nufin "a'a". Gara ka nuna masa abu biyu ko hoto, ya zaɓa da hannunsa, sannan ka sake tambaya don ka tabbatar.