Dattawa sun ce taragun jirgina ba daidai suke ba, wane kamfani zan bi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Leicester ne a Ingila, bara na saya wa yarona ɗan saitin jirgin ƙasa na Hornby irin wanda yake zagaye a kan tebur, Flying Scotsman ne, yanzu kuma abin ya fi kama ni fiye da yaron. Na ƙaro taragu shida na gwanjo masu kalar shuɗi da toka, na ɗauki hoto na nuna wa wasu dattawa a wajen baje kolin ƙananan jiragen ƙasa. Ɗaya ya ce wai kan jirgin da taragun ba zamaninsu ɗaya ba, ɗayan ya ce ai dogon ma kansa ba daidai yake ba, daga nan suka kaure da musu a kan Hornby da Bachmann da wani Accurascale har suka manta ina tsaye. Wane kamfani ne kayansa suka fi yin daidai da jirgi na gaske, kuma ni asarar kuɗi na yi kenan?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da shigowa wannan harka mai cinye albashi a hankali. Ba ka yi asara ba, kuma dattawan nan duk su biyun gaskiya suka faɗa maka, kawai dai ba su iya faɗa ba ne. Bari in fara da na biyun don maganarsa ta fi nauyi.

Saitin da ka saya awonsa shi ake kira OO, wato an rage komai zuwa kashi ɗaya cikin 76, kowace ƙafa ɗaya ta awo, wato inci 12, a jirgin gaske ta zama milimita 4. To dogon gaske na Ingila tazarar da ke tsakanin ƙarafansa biyu milimita 1435 ce, in ka raba da 76.2 za ka samu 18.83. Ɗauko ruler ɗin yaronka ka auna dogon da ke kan teburinka, 16.5 za ka gani. Kaga an ci maka sama da milimita 2 kenan, kuma ba Hornby kaɗai ba, duk wanda yake yin OO haka yake yi, mai tsada da mai araha. 16.5 ɗin nan asali na awon HO ne, kashi ɗaya cikin 87, wanda Amurka da Jamus da Faransa suke amfani da shi, a can lissafin ya fita daidai. Abin da ya faru shi ne jiragen Ingila jikinsu ƙanana ne in aka kwatanta da na sauran Turai da Amurka saboda gadoji da ramukan da aka gina tun zamanin farko matsattsu ne, to a shekarun 1920 da 1930 ɗan injin lantarkin da ake sakawa a ciki bai kai ƙanƙantar da zai shiga jikin jirgin Ingila a awon HO ba, sai aka kumbura jikin aka bar dogon yadda yake. Da Meccano, kamfanin da yake da Hornby a lokacin, ya fito da saitinsa na Hornby Dublo a 1938 a kan wannan tsari ya tafi, shi kenan abu ya zauna har yau duk da cewa injin yanzu bai kai kan ɗan yatsa ba.

Shi yasa in ka durƙusa ka kalli jirgin ta gaba, ido da ido, za ka ga kamar ƙato ne ya tsaya ya haɗe ƙafafu. Waɗanda abin ya dama sosai sun ɓalle sun yi nasu, akwai 'yan EM masu dogo 18.2, akwai 'yan P4 masu 18.83 cif, su waɗannan sai sun cire ƙafafun kowane tarago sun sa wasu, dogon ma da hannu da yawansu suke haɗawa. Ina kyautata zaton dattijon naka ɗan cikinsu ne. Aikinsu yana da kyau wallahi, amma ba wajen da mai ƙaramin yaro zai fara ba ne.

Na farkon kuma da ya yi maganar zamani, nan ne ainihin abin da ya kamata ka koya. Flying Scotsman an ƙera shi a Doncaster a 1923, na kamfanin jiragen ƙasa na LNER ne, kuma taragun da yake ja a lokacin na katakon tik ne da aka shafa wa vanish, kalar ruwan ƙasa mai sheƙi. A 1948 gwamnati ta haɗe manyan kamfanonin jiragen ƙasa huɗu, har da LNER, suka zama British Railways, aka sake masa lamba daga baya ya koma 60103 maimakon 4472 da aka san shi da ita, sannan aka sallame shi daga aiki a 1963. Shuɗi da toka ɗin taragunka kuwa fentin tsakiyar shekarun 1960 ne zuwa sama, jiragen kwal ma gaba ɗaya an daina aiki da su a manyan layuka a 1968. To kaga kamar ka ɗauki hoton angon 1935 ka manna masa amaryar 1980 ne. Har shi kan jirgin ma ba kama ɗaya ya yi duk rayuwarsa ba, a ƙarshen shekarun 1950 aka sa masa bututun hayaƙi mai baki biyu, daga baya aka ƙara masa wasu faranta biyu a gefen gaba masu kore hayaƙi daga idon direba, don haka mai ƙirga ƙusa, haka ake tsokanar irin mutanen nan a harkar, yana kallon bututu da lamba da fenti zai ce maka wannan haɗin bai taɓa faruwa a shekara kaza ba.

Amma ga mafita da su dattawan ba su gaya maka ba. Jirgin nan bai mutu ba, yana hannun gidan tarihin jiragen ƙasa na York tun 2004, kuma tun bayan sallamarsa yake jan jiragen yawon buɗe ido da taragun da aka ƙera bayan zamaninsa. In wani ya sake yi maka magana ka ce masa naka jirgin 'yan yawon buɗe ido ne na ranar Asabar, magana ta ƙare. Akwai ma abin da 'yan harkar suke kira doka ta ɗaya, wato dogona ne, abin da na ga dama shi zai bi ta kai.

Yanzu maganar kamfani. Gaskiya tambayar wane kamfani ya fi ba ta da amsa ɗaya, domin ba kamfani ake aunawa ba, mazubi ake aunawa. Kowane ɗan jirgi ana zuba robarsa ne a cikin mazubin ƙarfe, kuma sassaƙa mazubin nan shi ne babban kuɗin, in an yi shi sai a yi ta amfani da shi shekara talatin ko arba'in ana canza fenti kawai. Don haka a cikin kwali iri ɗaya mai ja da ruwan ɗorawa na Hornby za ka iya samun abin da aka zana kwanan nan daga ainihin zanen injiniyoyi, har da bututan birki da kujerar direba, a gefensa kuma wani da mazubinsa ya girmi mai shagon. Su da kansu sun raba, akwai jerin da suke kira Railroad mai sauƙin kuɗi da ƙarancin tarkace, wasu daga cikinsu ma tsofaffin mazuban Lima ne, kamfanin Italiya da Hornby ya saye kayansa a 2004. Ba yaudara ba ce, an rubuta a jiki, kuma ga mai yaro ni shi nake ba da shawara don ba abin da zai karye in an damƙe shi da hannun da ya gama cin biskit.

Bachmann shi ne babban abokin hamayya, mallakar Kader ne na Hong Kong, kuma a ganina wajen taragun fasinja da na kaya na zamanin British Railways ya daɗe yana riƙe da tuta, taragunsa na Mark 1, wato samfurin farko na taragun fasinja na British Railways, su ne mutane da yawa suka cika teburinsu da su. Heljan na Denmak ya yi suna wajen ƙera kawunan dizal da ba kowa ya damu da su ba, irin waɗanda aka yi guda goma ko ma guda ɗaya tak, duk da cewa kan dizal ɗinsa na farko samfurin Class 47 har yau ana yi masa tsiya wai ya yi ƙiba. Dapol yana Wales. Sai sababbin jini irin Accurascale da ya taso daga Ailan da Rapido da asalinsa Kanada ne, su ne suka tayar da ƙura a 'yan shekarun nan, suna zuwa su auna jirgin gaske da na'ura, su bambanta wannan lamba da waccan har wajen fitila da murfin rufi, dole tsofaffin suka farka. Kusan dukansu a Chana ake ƙera musu, don haka maganar wai wannan na Ingila ne wancan ba na Ingila ba ka bar ta kawai.

Abin da yake ba ni haushi da jerin kayan kamfanonin nan, kuma shi ne ƙorafin da za ka fi ji a bakin 'yan harka, shi ne kowa kan jirgi yake so ya yi. Class 37 kaɗai Bachmann yana da shi, Accurascale yana da shi, Hornby yana da tsohon na Lima, Class 66 ma haka ake ta maimaitawa, alhali akwai taragun da suka yi shekara hamsin suna aiki ba wanda ya taɓa yin su. Dalili kuɗi ne, mutum zai fidda sama da fam 200 a kan kan jirgi mai sauti bai yi ƙorafi ba amma tarago ɗaya in ya yi tsada sai ya ce ai guda takwas nake buƙata, ina zan iya. Shi yasa da Hattons, babban shagon nan da ya rufe a 2024, da shi Hornby suka fito da ƙananan taragun zamanin da masu ƙafa huɗu da shida waɗanda ba kwafin wani takamaiman tarago ba ne, siffa ɗaya ce ake yi wa fentin kamfanoni daban daban, aka yi ta rigima, wasu suka ce wannan ƙarya ce da fenti, wasu suka ce da babu gara ba daɗi. Ni ina ɓangaren na biyu, amma na fahimci na farko.

Ka koma kan taragunka shida ka yi musu gwaji biyu. Na farko ƙirga tagogi. In irin dogayen nan ne na Mark 3, na gaske tsawonsa mita 23 ne, a OO ya kamata ya kai wajen santimita 30 da manyan tagogi takwas a gefe, amma tsofaffin da Hornby ya yi a ƙarshen shekarun 1970 an gutsure su, bakwai za ka ƙirga. An yi haka ne don su iya shan kwanar saitin yara, kuma ba Ingila kaɗai ba, a Jamus ma taragon mita 26.4 da ya kamata ya zama milimita 303 a HO an daɗe ana sayar da shi a 264, kamfanin Märklin kuma yana da na 282. Kwanar da ake kira ta biyu a saitin OO milimita 438 ce daga tsakiya, in ka mayar da ita girman gaske ba jirgin fasinjan da zai bi ta wajen, to cikakken tarago a irin wannan kwana sai ka ga cikinsa ya rataya a waje kamar zai faɗi. Wani lokacin guntun ya fi kyan gani a ƙaramin tebur, wannan dattawan ba sa so a faɗa.

Na biyu juya su ka kalli ƙafafun. Ni na taɓa sayen wasu tsofaffi guda huɗu a teburin gwanjo ina murna na yi arha, na kawo gida na ɗora a kan siririn dogon da ake kira code 75, sai ji nake kar kar kar kamar ana jan gwangwani a kan tsakuwa, ashe leɓen ƙafar ya yi zurfi yana dukan 'yan maƙalan da ke riƙe da dogon. Dogon saiti irin naka code 100 ne, ya fi tsayi, zai ɗauke su lafiya, amma ranar da ka ce za ka canza dogo ka tuna da wannan. Ƙafafun ƙarfe na canji ana sayar da su a fakiti, minti biyar ne aikin kowane tarago. Ka duba ƙugiyar haɗi ma, tsofaffin manya ne kamar ƙofar gareji, sababbin ƙanana ne kuma suna zaune a cikin ɗan aljihu da ake zarewa, suna kama juna amma a kwana wani lokaci babbar takan ture ƙaramar daga kan dogo.

Na san wata rana za ka ce kana son jirgin Kano a teburinka, kowa a cikinmu ya yi wannan mafarkin. Manyan kamfanonin nan ba su da shi, sai dai ka gina da hannu. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 tazararsa milimita 1067 ce, ba irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 mai 1435 ba, kuma abin daɗin shi ne in ka yi jikin a kashi ɗaya cikin 64 to dogon nan naka na 16.5 ya yi kusan daidai cif, haka 'yan New Zealand suke yi tunda tazararsu ɗaya da tamu.

A yanzu dai kar ka sayar da komai. Shuɗi da tokan nan ka nemo musu kan dizal na gwanjo mai shuɗin fenti, Class 47 ko 37, ka samu cikakken jirgin shekarun 1970 kenan, shi kuma Scotsman in lambarsa 4472 ce da koren fenti mai haske ka bi shi da taragun tik guda uku na jerin Railroad. Kafin ka biya kuɗin kowane abu ka rubuta lambar da ke jikinsa a intanet ka nemo hoton na gaske ka ajiye su gefe da gefe, tagogi da rufi da ƙafafu za ka fara dubawa. Ka gaida mana yaron, ka kuma riƙa barinsa yana riƙe na'urar tuƙin ko da sau ɗaya ne a sati tunda da sunansa aka saya.