Kada Ka Taɓa IC Ɗin Nan Tukuna

Ka ce ka gama harhaɗa allon firiyam ɗin makirufo, wato da'irar da ke ƙara ƙarfin muryar kafin ta shiga amfilifaya, murya tana fita amma da wani ƙugi "buuu" a ƙarƙashinta, kana tambaya ko IC ɗin jabu ne mu canza shi. Ajiye ƙarfen dalmar nan, yaro. Jabu kam akwai shi a kasuwa, amma NE5532, wato IC ɗin da ke kan allon nan mai ƙara ƙarfin sigina, ba shi ke haifar da irin wannan ƙugin ba. Abin da aka ba shi yake ƙarawa.

Makirufo irin wanda liman ke riƙewa, abin da yake fitarwa bai wuce milibolt biyu ko uku ba, amfilifaya kuwa kusan bolt ɗaya take so. Aikin allon nan ke nan, ya ninka wannan ɗan abin sau 100 har zuwa 1,000. Kuma bai san wannan murya ce, wancan datti ne ba. Wutar Nepa tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, duk wayar da ka bari tsirara kusa da ita sai ta kwaso, allon ya ninka maka har da ita.

Dubi aikinka. Wayar da ta taso daga soket ɗin makirufo zuwa allo ta kai taƙi guda, ba ta da ragar ƙarfen da ke lulluɓe waya ta kare ta daga kwasar datti, kuma ka bi da ita ta gefen taransfoma. Me kake jira ka ji? Yanke ta ta zama gajera, ka sa mai raga. A soket ɗin XLR, wato na makirufon, ƙafa ta 1 ta ragar ce, 2 da 3 su ke ɗaukar murya, a murɗe su tare. Taransfoma kuma ta koma can ƙarshen akwati.

Amma kafin ka kwance komai, ka san ɓarawon ta ina ya shigo. Cire wutar gaba ɗaya, ka jera batir biyu masu bolt 9, mahaɗarsu ta tsakiya ta zama giraun, wato layin sifilin bolt, fozitib ya tafi layin ƙafa ta 8 ta IC, negetib layin ƙafa ta 4. In ƙugin ya ɗauke, laifin na ɓangaren wuta ne: ko manyan kafasita sun yi kaɗan, ko ka dasa 7915, mai daidaita negetib bolt 15, kamar 7815 mai daidaita fozitib, alhali jerin ƙafafunsu ba ɗaya ba ne. Wannan kam yara da yawa sun ƙona yatsa a kansa. In bai ɗauke ba, zare wayar makirufo ka haɗe ƙafa ta 2 da ta 3 na soket ɗin XLR. Ya yi shiru? To doguwar wayar waje ce ko makirufon kansa.

Miƙo allon in ga bayansa. Ka ga wannan ɗigon dalmar da ya dunƙule ya yi toka-toka? Bai kama ba, kuma a layin giraun yake. Ka ɗora bakin ƙarfe ya taɓa ƙafa da tagulla tare, sannan ka kawo dalma ta malale da kanta. Su kuma ƙananan kafasitan nan masu lamba 104 da ka bari a leda, ba ado ba ne. Kowace ƙafar wuta ta IC tana son ɗaya dab da ita.

Robar abincin da ka zuba shi ciki kuwa, mayar wa Hajiya abarta. Gobe ka shiga Panteka a lanƙwasa maka akwatin ƙarfe, ka kankare fenti ka ɗaure giraun a jikinsa wuri ɗaya tak. In ba haka ba, wata rana ana tsaka da wa'azi gidan rediyo zai shigo cikin lasifika.

Ɗauko mita. Zare IC daga soket ɗinsa, ka gwada min fozitib bolt 15 da negetib bolt 15 ɗin nan kafin mu mayar da shi.