Me ya sa ake ɗibar jini kafin a sha tacrolimus na safe?

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da muke hana mai dashen ƙoda shan tacrolimus, maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, kafin a ɗebi jininsa, da dalilin da nake riƙe takardar maganinsa idan na ga rifampicin, maganin tarin fuka, a ciki.

Fara da ƙwayar T, ɗaya daga cikin fararen ƙwayoyin jini. Da ta gane baƙuwar ƙoda, sai kalsiyam ya hau a cikinta, ya tayar da sinadarin calcineurin. Shi ke buɗe wa furotin NFAT ƙofar cibiyar ƙwayar, a shiga samar da IL-2, saƙon da ke sa ƙwayoyin T su hayayyafa su far wa ƙodar. Tacrolimus yana manne wa furotin FKBP12, su haɗu su danne calcineurin, saƙon bai fita ba. Ciclosporin, wani maganin dashe irinsa, shi ma nan yake bugu, sai dai ta furotin cyclophilin. Mycophenolate kuwa, shi ma maganin dashe, a gaba yake tsare hanya, ya hana ƙwayar T samun guanine, sinadarin da za ta gina DNA da shi.

Wahalar tacrolimus ita ce iyakarsa siririya ce. Ya yi ƙasa, jiki ya ƙi ƙodar. Ya yi sama, shi da kansa ya matse jijiyoyin ƙodar, hannu ya kama karkarwa, potassium da sukari su hau. Shi ya sa ake auna shi lokacin da ya fi sauka: awa 12 bayan na dare ga mai sha sau biyu a rana, a kwalba mai murfi shunayya mai ɗauke da EDTA, sinadarin hana jini daskarewa. Bayan watannin farko da dashen, likitoci kan nemi ma'auninsa a jini ya tsaya tsakanin 5 zuwa 10 ng/mL. Wanda ya taso daga Nyanya ko Kubwa a gefen Abuja, cunkoso ya tsorata shi ya haɗiye maganin a mota, sakamakonsa zai fito sama, a rage masa bisa kuskure. Ka ce masa ya sako shi a aljihu, ana cire allura ya sha.

Rifampicin na tarin fuka yana zuga CYP3A4, sinadarin hanta mai narkar da magunguna, hantar ta narkar da tacrolimus da sauri, ya faɗi warwas. Fluconazole da clarithromycin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, akasin haka suke yi, gudawa mai tsanani ma tana ɗaga shi. Ka ga ɗayansu, kira likitan ƙoda kafin ka miƙa komai. Kada ka musanya Prograf da Advagraf, nau'o'in tacrolimus biyu: na farko sau biyu ake sha a rana, na biyu sau ɗaya. Idan mai dashen ya zo neman diclofenac don ciwon jiki, ba shi paracetamol, don diclofenac na iya cutar da ƙodar.