Kujerar Babban Hafsan Sojin Ruwan Ghana da Mu 'Yan Zango

Ɗana, ka tambaya ko Bahaushe ya taɓa riƙe muƙamin babban hafsan sojin ruwa a nan Ghana, tunda ka ji ana cewa da Hausawa aka kafa sojan ƙasar. Na san inda ka dosa. Ku can Najeriya, da an karanta sunayen sababbin hafsoshi a rediyo, abin da ake fara bincika shi ne ɗan wace jiha ne. Murnar da Kanawa suka yi a 2021 da aka naɗa Awwal Zubairu Gambo babban hafsan sojin ruwanku har nan ta iso mu. To a shekarar 2021 ɗin mu ma aka naɗa Riya Admiral Issah Yakubu a kan tamu kujerar, sunan kuwa ya shiga kunnenmu kamar na ɗan gida. Amma a zangon Sekondi ban ji wanda ya tsaya tambayar ko Bahaushe ne ko Badagombe ba. A zango, Bamoshe da Bazabarme da Bawangare da Kotokoli da Bafulatani duk Hausa suke yi a kasuwa da masallaci, sahu ɗaya muke bi, maƙabarta ɗaya muke kai namu. Wanda ya fito daga cikinsu namu ne.

Maganar da ka ji kuwa tana da tushe, sai dai a tudu take. Kyaftin John Glover ne ya tara dakarun Hausawa a Ikko cikin 1863, ya kuma zo da su yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874. Abin dariyar, shi kansa Glover hafsan sojin ruwan Ingila ne, amma mutanen da ya tara a ƙasa suka yi yaƙinsu, a ƙasa kuma zuriyarsu ta ci gaba da ɗaukar bindiga. Irin waɗannan dakaru aka gina rundunar Gold Coast, wato Ghana ta zamanin Turawa, da su, har takenta ma da Hausa yake, Kullum Shiri. Sauran kakanninmu fataken goro ne da suka bi hanyar Gwanja zuwa Salaga, daga baya suka gangaro Kumasi da biranen gaɓa. Sun tarar da teku tana da masu ita: Fante da Ga da Ewe, waɗanda yaro a cikinsu kan iya kwale-kwale tun bai shiga makaranta ba. Mu muka kama mahauta da awo da ɗinki da dako a tashar jiragen ruwa ta Takoradi, wadda aka buɗe a 1928.

Rundunar ruwa ta zo a makare. Sai a 1959, shekara biyu da samun 'yanci, aka kafa ta da doka, da wasu ƙananan jirage biyu masu share nakiya da Birtaniya ta bayar, Yogaga da Afadzato. Wanda ya fara hawa kujerar Bature ne, D. A. Foreman, tsohon hafsan ruwan Ingila. A 1961 Kwame Nkrumah ya sallami turawan da ke jagorantar soja, ya ɗauko David Hansen daga sojin ƙasa ya damƙa masa ruwa. Nkrumah mutum ne mai dogon buri. Ya sa a ƙera masa babban jirgin yaƙi a Birtaniya da za a kira Black Star, sai aka hamɓarar da shi a 1966 kafin jirgin ya iso. Waɗanda suka gaje shi ba su karɓa ba, ƙarshenta jirgin a hannun Malesiya ya ƙare.

Abin da tsofaffinmu ba su manta ba shi ne 1979. Riya Admiral Joy Amedume ne ke kan kujerar, yana cikin majalisar mulkin soja ta lokacin. Da Rawlings da ƙananan hafsoshi suka ƙwace mulki ranar 4 ga Yuni, ba a fita watan ba aka ɗaure shi a turke a filin harbi na Teshie, bakin tekun da yake shugabanta, aka harbe shi ranar 26 ga wata tare da Janar Akuffo da Janar Afrifa da wasu uku. Iyaye mata a zango sun daɗe suna jan kunnen 'ya'yansu da wannan labari, wai ka ga babban ma bai tsira ba, ina kai. Ka haɗa da dokar korar baƙi ta Firaminista Busia a 1969, wadda ta ba marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, ta kwashe gidaje da dama a zanguna har da waɗanda aka haife su nan. Wanda ya ga an loda maƙwabcinsa a mota ba zai yi saurin kai ɗansa inda za a tambaye shi garin kakansa ba. A ganina wannan tsoron ya fi tsoron ruwa hana mu shiga.

Yanzu kujerar ta zauna kan tsarin mulkin 1992. Shugaban ƙasa ke naɗawa bayan ya shawarci majalisar dattawan ƙasa, mai kujerar yana ƙarƙashin babban hafsan tsaro, yana kuma zama a majalisar sojoji wadda mataimakin shugaban ƙasa kan jagoranta. Wato shekara takwas yana zama gaban Alhaji Aliu Mahama, wasu takwas gaban Mahamudu Bawumia, duka Musulmi. Ofishinsa na barikin Burma a Accra, ƙarƙashinsa akwai rundunar gabas a Tema da ta yamma a nan Sekondi. Seth Amoama daga wannan kujera ya haye ya zama babban hafsan tsaro a 2021, a 2025 kuma Shugaba John Mahama ya naɗa Godwin Livinus Bessing a kan kujerar sojin ruwan.

Aikin ya yi nauyi tun da aka gano man fetur a rijiyar Jubilee cikin 2007, aka fara haƙa a 2010. Ga gadin wuraren haƙar mai, ga 'yan fashin teku, ga kwale-kwalen fasinja a tafkin Volta da ake lodawa fiye da kima. Amma wanda ya fi taɓa tukunyarmu shi ne saiko. Manyan jiragen kamun kifi su kwashe ƙananan kifin da rabon masu kwale-kwale ne, su daskarar da shi falle-falle, su sayar a tsakiyar teku. Masuncin Fante ya dawo da raga ba komai, matarsa ba ta da abin ƙyafewa, mu kuma mu je kasuwa mu tarar kifin amane ya yi tsada. Da wannan mutanenmu ke auna babban hafsan ruwa, ko ma waye shi.

Hulɗarmu da su ta yau da kullum ce. Da sassafe za ka ga samarinsu tsaye gaban 'yar zango mai koko da ƙosai, ta ɗaura musu a leda tana yi musu Fante suna mayar mata da guntuwar Hausa. Ranar Juma'a Musulmin cikinsu kan shigo sahu da farin kaki, su ajiye hula a gefen tabarma. Rundunar tana da limamanta masu muƙamin soja, manyan hafsoshi kuma sukan je gaida limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, su nemi addu'a.

Yaranmu na yanzu ba su san 1969 ba sai a baki. In an buɗe ɗaukar soja, a intanet suke cika takarda, maza da mata. Sharaɗin farko shi ne mutum ya zama ɗan Ghana ta haihuwa, shi ya sa da an yi suna a zango yanzu uba ke garzayawa ya karɓo takardar haihuwa tun jariri bai yi arba'in ba. Ka gaida mahaifiyarka da sauran mutan gida.